Tururin ganye da hayaƙin gari: da gaske itatuwa na da hannu a gurɓatar iska?

Duk shekara idan damina ta kankama aka fara rabon dashe a makarantu da ma'aikatu, sai wata magana ta sake ɓullowa a Facebook da zaurukan WhatsApp: wai masana sun gano itatuwa ma suna gurɓata iska. Wasu kan yi dariya su wuce. Wasu kuma su ce ai ga shi nan, masu matsa mana mu dasa itace sun tona wa kansu asiri. Maganar tana da tushe a kimiyya, sai dai an guntule ta kafin ta iso. Gaskiya ne ganyen itatuwa na sakin wasu sinadarai cikin iska, masu yawan gaske. Gaskiya ne kuma sinadaran nan suna shiga cikin haɗuwar iskar ozon, wadda ke cutar da huhu da amfanin gona. Abin da ake tsallakewa shi ne sharaɗin: ganye shi kaɗai ba ya tara ozon sai ya samu abokin aiki, kuma a gari irin Zariya abokin nan daga salansar mota da janareta da ƙunar daji yake fitowa.

## Wace ozon ake nufi?

Iskar oksijin da muke shaƙa ƙwayoyi biyu ce a manne. Idan ƙwayoyin suka zama uku, ta koma ozon. Kusan kashi 90 cikin 100 nata yana can sama, tsakanin kilomita 15 zuwa 35 daga doron ƙasa, inda take tare ɓangaren hasken rana mai ƙona fata da lalata ido. Don kare wannan rufi ne ƙasashen duniya suka sa hannu a yarjejeniyar Montreal a 1987.

Wadda ake magana a kanta a nan ita ce ta ƙasa, wadda ke shiga hancin mutum da ganyen wake. Sinadari ɗaya ne da na sama, amma a nan guba ce. Babu bututun masana'anta ko salansar da ke fitar da ita kai tsaye. A cikin iska take haɗuwa, da rana, daga wasu abubuwan da aka riga aka saki. Shi ya sa takan yi ƙasa da asuba, ta fara hawa da hantsi, ta kai ƙololuwa tsakanin azahar da la'asar. A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta a 2021, bai kamata matsakaicinta na awa takwas ya wuce maikurogiram 100 a kowace kubik mita ta iska ba, a watanni shida da ta fi yawa kuwa kada ya haura 60.

## Abin da ganye ke fitarwa

Wanda ya taɓa tsinko ganyen itacen turare, wanda wasu ke kira zaiti, ya murza a tafin hannu, ya san ƙamshin da ke tashi har ya buɗe toshewar hanci. Haka wanda ya matse ɓawon lemo kusa da ido, ko ya bi ta inda ake yankan ɗanyar ciyawa. Duk sinadarai ne masu saurin zama tururi, kuma tsirrai na sakinsu ko ba a taɓa su ba. Ire-irensu sun kai dubbai, amma biyu ne ke da nauyi a lissafin iska. Akwai dangin tarfin, masu ƙamshin turare da lemo. Sai wanda ya fi kowanne yawa, aisofirin, wanda shi da ƙyar hanci ke jinsa.

Ƙiyasin da masana suka fi dogara da shi ya nuna tsirran duniya na sakin kusan tan biliyan ɗaya na irin wannan tururi a shekara, kuma kimanin rabinsa, wajen tan miliyan 500, aisofirin ne. Wannan ya ninka abin da motoci da masana'antu ke fitarwa na irin sinadaran sau da dama, kuma mafi yawansa daga ƙasashe masu zafi yake tashi. Wani masani ɗan ƙasar Jojiya, Guivi Sanadze, shi ya fara nuna a 1957 cewa ganye na fitar da aisofirin. A 1960 masanin tsirrai Frits Went ya danganta shuɗin hazon da ake gani a kan duwatsu masu kurmi da tururin itatuwan da ke wurin.

Itace ba don ɓarna yake yin haka ba. Yakan kashe kashi ɗaya zuwa biyu cikin 100 na abincin da ya haɗa da hasken rana wajen ƙera aisofirin, kuma bayanin da ya fi karɓuwa, wanda Thomas Sharkey da abokin aikinsa suka gabatar a 1995, shi ne sinadarin na taimaka wa ganye jure zafi. Hakan ya dace da yadda ake ganin fitarsa. Da dare kusan babu shi. Rana na fitowa ya fara, zafi na ƙaruwa yana ƙaruwa da sauri, har ganyen ya kai wajen digiri 40, daga nan ya fara ja baya. Wato a daidai lokacin da rana ta fi iya haɗa ozon, a lokacin ne ganye ya fi ba ta kayan aiki.

Ba kowane tsiro ne ke da wannan hali ba, kuma bambancin na da girma ƙwarai. Masara, dawa, gero da mafi yawan ciyayi ba su fitar da abin a zo a gani. Itacen turare kuwa yana sahun gaba a duniya, tare da kwakwar manja da wasu itatuwan ƙasashen Turai da Amurka. Da dama daga dangin ɓaure da aka auna a wasu ƙasashe, dangin da ceɗiya da durumi da gamji suke ciki, su ma masu fitarwa ne. Daga itatuwanmu na gado akwai doka. A watan Yunin 2006 masu bincike sun rufe rassan itatuwa a wani daji kusa da Djougou, arewacin Jamhuriyar Benin, suka auna abin da ke fita, doka ta fito cikin manyan masu sakin aisofirin. Doka kuwa ita ce alamar irin dajin da ƙasar Zazzau take ciki tun kafin gonaki su cinye shi.

## Inda hayaƙi ke shigowa

Ozon kamar tukunya ce a kan murhu, sai duwatsu uku sun cika. Ɗaya hasken rana. Ɗaya tururin sinadarai, ko daga ganye, ko daga fetur da fenti da hayaƙin itacen girki. Na ukun iskokin naitirojin oksaid ne, waɗanda masana ke rubutawa NOx a taƙaice. Suna samuwa duk inda aka ƙona abu da zafi mai tsanani: cikin injin mota, musamman mai shan man dizal, cikin janareta, a masana'anta, a gobarar daji. Walƙiya ma na samar da su, haka ƙananan halittun da ke cikin ƙasa.

NOx fuska biyu gare shi, ɗaya mai ƙwayar oksijin biyu, ɗaya mai guda. Rana na dukan mai biyun ta fizge ƙwaya ɗaya, ƙwayar ta je ta manne da oksijin ɗin iska, ozon ta samu. Amma mai gudan da aka bari ba ya haƙura. Nan take yake ƙwace ƙwaya daga ozon ya koma yadda yake. An gina an rushe ke nan, ozon ba ta taruwa sosai. Tururin sinadarai ne ke ɓata wannan daidaito. Idan aisofirin ya bar ganye, cikin awa ɗaya zuwa biyu iska ta farfasa shi, ɓurɓushin kuma na ɗauke da oksijin da suke miƙa wa mai gudan. Ya samu abin da yake nema bai taɓa ozon ba, rana ta sake dukansa, wata ozon ta ƙaru a kan ta farko. Ƙwaya ɗaya ta NOx na iya zagayawa haka sau da yawa kafin ta fita daga iska.

Idan babu NOx sai labarin ya juye. A tsakiyar kurmin Amazon na Kudancin Amurka, inda aisofirin ya fi ko'ina yawa, iskar damina na cikin mafi ƙarancin ozon a duniya, domin tururin ganye na cinye wani ɓangare nata, ganyen kansa kuma yana zuƙe wani. Amma a 2014 da 2015, da masu bincike suka bi sawun hayaƙin Manaus, birni mai mutum wajen miliyan biyu a tsakiyar kurmin, sun tarar duk inda hayaƙin ya ratsa kan itatuwa ozon ta hau, ƙananan ɓurɓushi masu shiga huhu su ma sun ƙaru. Kurmi ɗaya, rana ɗaya, hayaƙin gari ne kawai bambancin.

Akwai wani abu kuma da ke rikita mutane. A bakin titi mai cunkoso, kamar ƙarƙashin gadar Kwangila da yamma ko shataletalen PZ a Zariya, sabon hayaƙi cike yake da mai gudan nan, wanda ke cinye ozon. Mai awo zai iya samun ozon kaɗan a wurin ya ɗauka lafiya lau, alhali sauran dattin hayaƙin na nan. Sai iska ta kwashe hayaƙin ta yi tafiyar wasu awanni da shi, ya gauraya da tururin ganye a ƙarƙashin rana, sannan ozon ta taru, sau da yawa a kan ƙauyuka da gonakin da ba su da motar kirki. Wannan ne ya sa ake kallon ozon a matsayin matsalar yanki, ba ta unguwa ba. Iskar damina daga kudu maso yamma take zuwa Zariya, ta ɓangaren Kaduna. Ta hunturu daga arewa maso gabas, ta ɓangaren Kano.

## Yadda muhawarar ta faro

A farkon shekarun 1950 wani masani a Amurka, Arie Haagen-Smit, ya nuna cewa hazon da ke sa mutanen Los Angeles hawaye daga haɗuwar tururin fetur da NOx yake a ƙarƙashin rana. Daga nan hukumomin Amurka suka mai da hankali kan rage tururin fetur da na masana'antu. A wasu birane an ga amfani. A wasu kuwa, musamman na kudu maso gabas masu itatuwa da yawa, an kashe kuɗi shekara da shekaru ozon ta ƙi sauka.

A yaƙin neman zaɓen shugabancin Amurka na 1980 ɗan takara Ronald Reagan ya yi iƙirarin cewa mafi yawan gurɓatar iska daga tsirrai take, aka yi ta yi masa ba'a. Ta fuskar yawan tururi yana da ɗan abin kamawa, amma hukuncin da ya ɗora a kai bai tsaya ba. Wanda ya warware ƙullin shi ne binciken William Chameides da abokansa a kan birnin Atlanta na kudu maso gabashin Amurka a 1988. Sun nuna itatuwan birnin na fitar da tururin da ya isa ya ci gaba da haɗa ozon ko da an kawar da na fetur gaba ɗaya. Tunda ba a hana ganye numfashi, abin da ya rage a hannun hukuma shi ne NOx. Da dokokin rage NOx daga tashoshin wutar lantarki na gabashin Amurka suka fara aiki a farkon shekarun 2000, ozon ta sauka, itatuwan kuwa suna nan inda suke.

Ba ko'ina ne lissafin ke tafiya haka kai tsaye ba. A lokacin kullen korona na 2020, da motoci suka ragu, ozon ta ƙaru a tsakiyar wasu manyan biranen Sin da Turai, saboda hayaƙin da ke cinye ta a bakin titi ya ja baya. Inda NOx ya yi yawa fiye da kima, rage shi kaɗan na iya ɗaga ozon kafin daga baya ta faɗi. Inda tururin ganye ya yi yawa NOx ya yi kaɗan, kowane ƙarin hayaƙi ƙarin ozon ne. Mafi yawan karkarar Afirka a rukuni na biyu take.

## Zariya, daga hunturu zuwa kaka

Zariya na kan layin digiri 11 arewa, kuma wurin zaman nan na da muhimmanci. A watannin Yuli da Agustan 2006, ƙarƙashin babban shirin binciken damunar Afirka ta Yamma da ake kira AMMA, wani jirgin bincike na Birtaniya ya yi sansani a Yamai yana kai da komo tsakanin Sahel da gaɓar teku. Ya tarar da aisofirin mai yawa a kan dazuzzukan kudu da digiri 10, amma ozon kaɗan. A arewa, kan ƙasar Sahel mai ƙarancin itatuwa, aisofirin ya yi ƙasa, ozon kuwa ta fi yawa, musamman a kan wuraren da aka yi ruwa kwanan nan. Dalili shi ne busasshiyar ƙasa idan ta sha ruwan farko, ƙananan halittun cikinta kan farka su saki NOx a dunƙule. Tauraron ɗan'adam ma ya hango wannan tashin a farkon damina. Zariya na tsakanin yankunan biyu: tana da ganye fiye da Sahel, tana da buɗaɗɗiyar ƙasar noma fiye da kurmi, ga gari mai cike da ababen hawa a kan babbar hanyar Kaduna zuwa Kano.

Da hunturu ciyawa ta bushe, itatuwa da yawa sun kaɗe, sanyin safiya ya rage aikin ganye. Tururin ganye na ƙasa sosai. Amma a wannan lokacin ne iskar Afirka ta Yamma ta fi ɗaukar ozon, kamar yadda awon jiragen fasinja masu sauka a Legas ya nuna tsakanin Disamba da Fabrairu. Ƙunar daji ce ke kawo ta. Wutar da aka cinna don share gona, ko don sabuwar ciyawa ta fito wa shanu, ko don farautar gafiya, tana ba da NOx da tururin sinadarai a lokaci guda, ba ta buƙatar taimakon ganye. A kan wannan ga ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi.

Da bazara, Maris zuwa Afrilu, zafi kan kusanci digiri 40, kuma itatuwa irin su doka sun riga sun yi sabon toho tun kafin ruwa ya sauka. Jaririn ganye ba ya fitar da aisofirin sosai sai ya ƙosa. Turare kuwa ba ya kaɗewa, yana aiki duk shekara. Lokacin ne kuma aka fi kunna janareta saboda fanka da firij. Sai ruwan farko ya zo da tashin NOx daga ƙasa, manoma su bi da yuriya da sauran takin zamani, wanda wani ɓangarensa ke komawa iska ta wannan hanyar. Idan akwai lokacin da sharuɗɗan uku suka fi haɗuwa a nan, ƙarshen bazara ne da farkon damina, sai kuma kaka, lokacin da gajimare ya janye, ganye bai bushe ba, an fara cinna wuta.

Tsakiyar damina ganye ya cika, tururi ya kai maƙura, amma gajimare na tare rana, iskar teku mai tsabta ce ke busowa, ruwa na wanke sama, korayen gonaki kuma na zuƙe ozon.

Akwai wani juyi da ba a cika lura da shi ba. Sare dajin doka aka mai da shi gonar masara ya rage aisofirin a yankin, ba ƙara shi ya yi ba. Abin da ke mayar da shi a wasu wurare shi ne dashen turare, wanda aka gwada a dajin Afaka kusa da Kaduna, tashar binciken gandun dajin savana da ke Samaru kuma ta yi aiki a kansa tun shekarun 1960, ya yaɗu saboda saurin girma da samar da katako da turakun gini.

## Ɓurɓushin da ido ba ya gani

Ozon ba ita kaɗai ba ce. Idan tururin ganye ya farfashe, wani ɓangarensa kan daskare ya zama ɓurɓushi ƙanana ƙwarai, irin waɗanda ke wuce hanci su sauka can cikin huhu. Tarfin ya fi saurin yin haka. Na aisofirin kuwa, tun daga 2004 bincike ya nuna yana yi, kuma abin na ƙaruwa idan iska na ɗauke da tsamin da ke fitowa daga farar wutar da ke cikin man fetur da na dizal. Nan ma hannun ɗan'adam ne ke ƙara wa abin ƙarfi. A 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince kada farar wuta a man da ake shigowa da shi ta wuce kashi 50 cikin miliyan, bayan shekaru ana sayar wa yankin mai da ya ninka haka sau da yawa.

## Ra'ayoyi uku

Masu kula da gandun daji da masu yaƙi da hamada na cewa a dasa kawai. Hujjarsu ita ce amfanin itace a bayyane yake: inuwa, rage zafin gari, tare iska da ƙura, riƙe ƙasa, itacen girki. Inuwar ma kanta na rage zafin da ke hanzarta haɗuwar ozon, ganye kuma na zuƙe ozon da NOx. A ƙasar da ake sare itace fiye da yadda ake dasawa, suna tsoron kada maganar ta zama uzurin mai gatari.

Masana iska ba su musa wannan ba, amma suna cewa a zaɓi iri, musamman a cikin gari da gefen manyan hanyoyi. Suna kafa hujja da Balin ta Jamus, inda wani nazari ya nuna a lokacin tsananin zafin Yulin 2006 tururin tsirrai ya ba da gudummawar da ta kai kashi 60 cikin 100 na haɗuwar ozon a wasu ranaku. Suna kuma kawo tsibirin Borneo na kudu maso gabashin Asiya, inda awon 2008 ya nuna gonakin kwakwar manja na fitar da aisofirin fiye da kurmin da suka maye gurbinsa. A lokacin ozon ba ta hau ba saboda NOx kaɗan ne, amma masu binciken sun yi gargaɗin cewa idan hayaƙi ya kai irin na karkarar Turai da Amurka, za ta wuce abin da lafiya ke ɗauka. Itacen da aka dasa yau zai kai shekara talatin ko fiye, garin kuma ba zai tsaya yadda yake ba.

Ɓangare na uku, wanda likitoci da yawa ke ciki, na ganin an bar jaki ana dukan taiki. Rahoton yanayin iskar duniya na 2024 ya danganta mutuwar mutum miliyan 8.1 a 2021 da gurɓatacciyar iska, amma kusan 490,000 ne kawai daga ciki aka ɗora wa ozon. Ragowar mafi yawansu ƙura ce da hayaƙi, ciki har da na murhun itace a ɗakin girki. Ga matar da ke hura wuta safe da yamma a Tudun Wada, hayaƙin da ke gabanta ya fi ozon haɗari nesa ba kusa ba.

Idan aka duba da kyau, saɓanin na fifiko ne. Babu ɓangaren da ke cewa a sare itace, kuma matakan da ke rage hayaƙi su ne dai ke rage ozon. Inda masana suka rabu da gaske shi ne hasashen gaba. Ƙarin zafi na ƙara fitar aisofirin, amma ƙarin iskar kabon dayoksaid na danne shi, matsanancin fari da sare daji su ma suna rage shi. Lissafin kwamfuta da awon tauraron ɗan'adam kuma ba koyaushe suke daidaita a kan Afirka ba, domin an gina lissafin ne galibi da awon itatuwan wasu nahiyoyi.

## Abin da ya shafi mai gona da mai acaɓa

A jiki, ozon na ƙona hanyoyin numfashi. Tana kawo tari, ƙaiƙayin maƙogwaro da nauyin ƙirji, tana tayar da asma, tana kuma tsananta ciwon huhu na dindindin. Waɗanda suka fi shaƙarta su ne masu yini a waje suna aikin ƙarfi: 'yan acaɓa, masu tura baro, 'yan talla, manoma, da yaran da ke buga ƙwallo da rana tsaka. Takunkumin da ake sawa da hunturu na rage ƙura, amma ozon iska ce, tana ratsa shi. Abin da ke taimakon mai asma shi ne mai da aikin ƙarfi zuwa safiya a ranakun zafi.

A gona ɓarnar ta fi ɓoyuwa. Ozon na shiga ta ƙananan ƙofofin da ganye ke numfashi da su. A ganyen wake alamarta ɗigo-ɗigo ne ja-ja ko ruwan ƙasa a saman tsofaffin ganye, tsakanin jijiyoyi, jijiyoyin kuma na nan kore shar, ganyen ya tsufa ya zube da wuri. Manomi zai ɗauka cuta ce ko ƙarancin taki, ya sayi magani ya fesa a banza. Sau da yawa ma babu alama, sai dai buhu ya ragu. Ƙiyasin duniya ya sa asarar alkama tsakanin kashi 7 zuwa 12 cikin 100, ta waken suya tsakanin 6 zuwa 16. Gwajin da aka yi a Bangor ta Birtaniya da irin amfanin gonar ƙasashe masu zafi ya nuna dangin wake da alkama na jin jiki, gero da tamba kuwa sun jure. Shukar da ta ƙoshi da ruwa ta fi buɗe ƙofofinta, saboda haka noman rani a fadamun Galma, wanda ke faɗowa daidai lokacin ƙunar daji, ya fi zama a bakin haɗari. Wake da gyaɗa na cikin amfanin da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ke fitar da sabbin irinsu, kuma juriyar ozon hali ne da ke bambanta daga iri zuwa iri.

Ta ɓangaren hukuma, NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli da aka kafa a 2007, tana da dokokin ingancin iska tun 2014, jihar Kaduna kuma na da tata hukumar kare muhalli, KEPA. Abubuwan da ke hannunsu sanannu ne: ingancin mai, hayaƙin manyan motoci, ƙona shara da daji, da abin nan na cikin salansa da makanikai ke kira indomie, wanda aikinsa rage NOx ne amma ake cire shi a sayar saboda ƙarfe mai tsada da ke ciki. Komawa iskar gas a motoci na rage baƙin hayaƙi, sai dai ba ya kawar da NOx. Sola a madadin janareta ita ke kawar da shi gaba ɗaya. Shirye-shiryen dashe irin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 dominsa a 2021 kuma ya haɗa da Kaduna, na iya sa yawan tururin iri cikin abin da ake dubawa, a gauraya itatuwa maimakon jera turare zalla a bakin titi.

Sai batun awo. Tashoshin auna iska na dindindin sun yi ƙaranci a Nijeriya, ƙananan na'urori masu araha da suka fara yaɗuwa kuma galibi ƙura suke aunawa. Daga sama, na'urar TROPOMI da aka harba a kan tauraron ɗan'adam a 2017 na ganin NOx da kuma fomaldihaid, sinadarin da aisofirin ke rikiɗa ya zama, kusan kullum, kuma bayananta kyauta ne ga duk mai bincike. Kwatanta biyun na nuna ko yanki na cikin waɗanda ƙarin hayaƙi ke ƙara wa ozon. Amma tauraro ba ya faɗin abin da ke shiga ganye a gona. Wannan sai na'urar ƙasa, kuma a kafa ta a gonakin bayan gari ta inda iska ke nufa, ɓangaren Makarfi da damina, ɓangaren Kaduna da hunturu, a bar ta ta shekara tana aiki.